Guzurin Tsoho Mai Lalura: Inshorar Tafiya a Ma'aunin Shari'a

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya yanka wa kowane rai ajalinsa, sa'an nan ya umurce mu da riƙon sababi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

A wannan mako za mu ɗan jingine bayanin da muka faro a kan zakkar kayan ciniki, saboda wata wasiƙa da ta iso mu daga wani ma'aikacin gwamnati a Zariya, wanda ya roƙa a sakaya sunansa. Ya ce mahaifinsa tsohon ɗan kasuwa ne mai shekara 74, yana fama da ciwon sukari da hawan jini, bara ma sai da ya kwanta asibiti saboda zuciya. Ƙanwar mai wasiƙar tana aure a Jamus, ta haihu, ta aiko a kai mata tsohon ya ga jikansa, shi kuma yana so in ya taso daga can ya biya ta Makka ya yi umra. Da aka je neman biza sai aka ce ba za a ba shi ba sai da takardar inshorar tafiya. Ejan ɗin da ke shirya takardu ya ba da shawara a rubuta cewa tsohon lafiyarsa ƙalau, wai don kuɗin ya yi sauƙi. Shi kuwa tsohon ya kafe a kan cewa inshora caca ce, kuma mai yin ta bai dogara ga Allah ba. Mai wasiƙar yana tambaya: shin inshorar ta halatta, shin ɓoye ciwon ya halatta, kuma shin ya dace ma a bar tsohon ya yi tafiyar?

Tambayoyin nan sun shafi jama'a da yawa. Akwai attajiran da suka tsufa suna safarar Dubai da Istambul da Gwangzu, akwai kuma ma'aikatan da ke jiran ranar karɓar garatuti domin su kai iyayensu ƙasa mai tsarki. Saboda haka muka ga ya kyautu mu amsa a fili, kowa ya ƙaru.

MENE NE ABIN DA AKE SAYE

Malamai sun ce hukunta abu reshe ne na sanin haƙiƙarsa, don haka mu fara da sanin abin. Inshorar tafiya yarjejeniya ce tsakanin matafiyi da kamfani. Matafiyi ya biya wani kuɗi ƙayyadadde kafin ya tashi, kamfani kuma ya ɗauki alkawarin biyan kuɗin asibiti idan ciwon gaggawa ko haɗari ya same shi a ƙasar waje, da kuɗin maido shi gida in ya kasa dawowa da ƙafarsa, da kuɗin ɗauko gawarsa in ta Allah ta kasance. Ƙasashen Turai da ke cikin yarjejeniyar Shengen, watau irin su Jamus da Faransa da Italiya, ba su ba da bizar ziyara sai mutum ya nuna inshorar da nauyin da ta ɗauka bai gaza Yuro 30,000 ba. Dalilinsu shi ne kada baƙo ya kwanta musu a asibiti a rasa mai biya.

To, inda gizo ke saƙar shi ne, shi kamfani lissafi yake yi. Ya san tsoho ya fi saurayi kusa da gadon asibiti, mai ciwon zuciya kuma ya fi mai lafiya. Saboda haka kuɗin yakan hau gwargwadon shekaru, wasu kamfanoni ma sukan sa iyakar shekarun da ba su karɓar wanda ya haura ta. Game da tsohon ciwo kuwa, watau lalurar da mutum yake da ita tun kafin ya sayi takardar, hanya biyu ake bi. Wasu sukan yi tambayoyi filla-filla: wane ciwo, tun yaushe, wane magani ake sha, yaushe aka kwanta asibiti na ƙarshe, sa'an nan su ƙara kuɗi su ɗauki nauyin ciwon, ko su tsame shi daga cikin alkawari. Wasu kuma ba su tambayar komai, sai dai can cikin ƙananan rubutu sun rubuta cewa duk abin da ya taso daga tsohon ciwo babu ruwansu. Wannan ta biyu ita ce mai araha, ita ce kuma mafi yawan mutanenmu ke saye don kawai a buga musu biza. Tsoho mai ciwon zuciya da ya riƙe irin wannan takarda, in ya zame a kan matakala ya karye za a biya, amma in zuciyar ce ta motsa, to, 'ya'yansa ne za su biya, ko da sai sun sayar da gida. Araha dai ba ta ado.

ABIN DA MALAMAI SUKA CE

Mas'alar inshora ba ta cikin littattafan magabata na farko, domin ba a san ta ba a zamaninsu. Wanda ya shahara da fara tattauna ta cikin malaman fiƙihu shi ne Ibnu Abidin, malamin Hanafiyya na birnin Dimashƙa, wanda ya rasu a 1836. Ya yi magana a kan kuɗin da fataken teku suke biya domin a rama musu in kayansu sun nutse ko sun ƙone, ya kuwa tafi a kan cewa karɓar wannan ramuwa bai halatta ba.

A zamaninmu, Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta duba mas'alar a 1977, Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta duba ta a 1978, sa'an nan Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke nata hukunci a Jidda a 1985. Dukansu sun haɗu a kan hana inshorar kasuwanci da halatta inshorar taimakon juna. Hujjarsu a kan ta kasuwanci ita ce garari, watau cinikin abin da ba a san ƙarshensa ba, wanda Annabi (SAW) ya hana. Mai biya bai sani ba ko zai karɓi wani abu ko ba zai karɓa ba, kamfani ma bai san nawa zai fitar ba, ribar ɗayansu kuma asarar ɗayan ce. Daɗin daɗawa ga musayar kuɗi da kuɗi tare da fifiko da jinkiri, ga kuma zuba dukiyar a wuraren da ake cin riba. Sai dai adalci ne mu faɗa cewa ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Shaihu Mustafa Zarƙa na Siriya, wanda yake cikin majalisar Makka, ya saɓa musu, yana ganin abin da mutum ke saye shi ne kwanciyar hankali, kuma yana samun ta tun daga ranar da ya biya.

Ita kuwa ta taimakon juna, wadda ake kira takaful, ginshiƙinta kyauta ce. Jama'a su zuba kuɗi a asusu ɗaya da niyyar duk wanda masifa ta faɗa wa a cikinsu a tallafa masa. Kamfani wakili ne kawai, yana gudanar da asusun a biya shi ladan aikinsa, ana juya dukiyar ta hanyar halal, rarar da ta saura kuma haƙƙin masu zubi ce. Garari yana ɓata ciniki, amma a mazhabarmu ta Malikiyya ba ya ɓata kyauta, wannan kuwa shi ne mabuɗin mas'alar. Malamai sun kafa hujja da tsarin aƙila, inda dangin wanda ya yi kisan kuskure suke haɗa diyya, da kuma yabon da Annabi (SAW) ya yi wa Ash'ariyawa, waɗanda in guzurinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ya rage a mayafi guda su raba daidai wa daida. Mu ma ai mun san irin wannan, domin ko a kasuwa in gobara ta cinye rumfar mutum, 'yan layinsu sukan haɗa masa gudummawa ya tayar da jari. Kamfanin inshorar Musulunci na farko an kafa shi a Sudan a 1979, Malesiya ta yi dokar takaful a 1984, a Nijeriya kuma hukumar kula da inshora ta ƙasa ta fitar da ƙa'idodin takaful a 2013.

Saboda haka amsar tambaya ta farko ita ce, a nemi takaful tukuna. In ba a samu wanda ofishin jakadanci zai karɓa ba, ko wanda zai ɗauki nauyin mai irin waɗannan shekaru, alhali tafiyar halattacciya ce kuma doka ta tilasta, to, malamai da yawa, har da masu hanawa, sun yi rangwame saboda buƙata. Sai dai sun saɓa a kan abin da za a karɓa: wasu sun ce kada ya wuce abin da aka biya, wasu kuma sun ce a karɓi gwargwadon buƙatar magani. Mu dai wannan na biyu muka fi natsuwa da shi ga marar lafiyan da ke kwance a baƙuwar ƙasa, domin tsare rai yana cikin manyan manufofin shari'a. Allah shi ne mafi sani.

BATUN TAWAKKALI

Muna girmama maganar dattijon nan, gama daga tsoron Allah ta fito. Amma muna tuna masa cewa Buhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa mutanen Yaman sun kasance suna zuwa hajji ba guzuri, suna cewa su masu tawakkali ne, in sun isa Makka kuma sai su shiga roƙon mutane. A kansu ne aka saukar da umurnin yin guzuri da ke cikin aya ta 197 ta Suratul Baƙara. Haka kuma Tirmizi ya kawo labarin mutumin da ya tambaya ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, Annabi (SAW) ya umurce shi ya ɗaure ta sa'an nan ya dogara. Sayyidina Umar ma da ya nufi Sham ya ji labarin annoba, komawa ya yi da jama'arsa, da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya nuna masa cewa komawar ita ma ƙaddarar Allah ce.

Takardar inshora ba ta ƙara wa kowa kwana, ba ta kuma hana ciwo zuwa. Amfaninta guda ne, kada ciwon mutum ɗaya ya zama talaucin gida guda. Wanda ya tafi hannu sake ya kwanta a asibitin Turai, ƙarshenta surukinsa ne zai bi masallatai da ƙoƙon bara a tara masa. Wannan kuwa ya fi kama da halin mutanen Yaman ɗin nan da aka yi wa gyara.

ƁOYE CIWO

Nan ne muke so mai wasiƙa ya buɗe kunne da kyau. Shawarar da ejan ya bayar haramun ce a shari'a, kuma asara ce a duniya.

Ta fuskar shari'a, ƙarya ce a cikin yarjejeniya. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya wuce wani mai sayar da hatsi, ya cusa hannu a cikin tarin ya ji danshi a ƙasa, ya tsawata masa don me bai fito da jiƙaƙƙen sama mutane su gani ba, ya kuma barranta daga mai algushu. A wani hadisin ya bayyana cewa masu ciniki biyu in sun yi gaskiya sun bayyana aibi ana sa musu albarka, in sun ɓoye kuwa ana shafe ta. Ciwon da aka tambaye ka ka ce babu, shi ne jiƙaƙƙen hatsin da ka danne a ƙasa. Kuɗin da za ka karɓa ta wannan hanya yana cikin cin dukiyar mutane da ɓarna, abin da aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta hana. Kada wani ya ce ai kamfanin na waɗanda ba Musulmi ba ne, domin amana ba ta duba addinin mai ita. In kuwa takaful ne abin ya fi muni, tun da yake aljihun 'yan'uwanka masu zubi ka sa wa hannu.

Ta fuskar duniya kuwa, ramin ƙarya ƙurarre ne. Dokar inshora an gina ta a kan cikakkiyar gaskiya daga mai saye. Ranar da tsohon ya isa asibiti, abin da likita zai fara tambaya shi ne tarihin ciwonsa da magungunan da yake sha, babu kuma ɗan kirkin da zai yi wa likita ƙarya mahaifinsa na kwance rai a hannun Allah. Ko da ma an yi shiru, gwajin jini yana nuna yadda sukari ya kasance watanni biyu zuwa uku da suka shige, awon zuciya kuma yana iya nuna tabon tsohon bugu. Wannan rahoto shi kamfani zai nema kafin ya fitar da ko sisi. Da ya ga saɓani yana da ikon ƙin biya, har ma ya soke takardar ɗungum. Ka ga an yi biyu babu, ga zunubi ga bashi.

UMRA DA HAJJI

Tun daga 2020 hukumomin Saudiyya suka sa inshora cikin kuɗin bizar umra ga masu zuwa daga waje. Amma a sani ta gaggawa ce, kuma a cikin ƙasar Saudiyya take aiki, don haka ba ta maye gurbin wadda ake buƙata a Jamus, kamar yadda ta Shengen ba lalle ta kai Makka ba sai in an rubuta haka a jikinta.

Abin da ya fi inshora muhimmanci a nan shi ne iko. Aya ta 97 ta Suratu Ali Imrana ta rataya wajabcin hajji a kan samun ikon zuwa, Malikiyya kuma suka fassara ikon da iya kaiwa Makka ba tare da matsananciyar wahala ba, tare da aminci a kan rai da dukiya. Wanda tsufa ko ciwo ya kayar har ba a sa ran tashinsa, a wurin Imamu Malik hajji ya faɗi a kansa, babu laifi gare shi. Sauran limaman uku kuwa suna ganin a yi masa ta hanyar wakili in yana da dukiya, hujjarsu hadisin matar nan ta ƙabilar Khas'am da ta tambaya game da mahaifinta wanda ba ya iya zama a kan abin hawa. Ko ta wace mazhaba aka bi, babu wanda ya ce a ɗauki gajiyayye a jefa shi cikin halaka. In haka hukuncin farilla yake, ina ga umrar nafila?

Kada mu manta da hajjin 2024, lokacin da zafi ya kai awo 51.8 a Makka. Ministan lafiya na Saudiyya ya ba da sanarwar rasuwar mutum 1,301, kashi 83 cikin 100 ba su da izinin hajji, sun yi doguwar tafiya a rana ba inuwa, a cikinsu kuwa har da tsofaffi da masu daɗaɗɗen ciwo. A cikin sharuɗɗan lafiya na hajjin 2025, Saudiyya ta lissafa waɗanda ba a yarda su zo ba, ciki har da masu wankin ƙoda, da masu ciwon zuciya mai tsanani, da masu ciwon huhun da ke buƙatar iskar taimako, da masu ciwon dajin da ake kan yi wa magani, da waɗanda tsufa ya rikita wa tunani. Maniyyacin da ya saye takardar shaidar lafiya ta ƙarya don ya tsallake wannan, ya fara ibadarsa da saɓo, ya kuma ɗora wa abokan tafiyarsa jinyar da za ta hana su nasu aikin.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Na farko, a kai tsohon wurin likitansa makonni kafin tafiya, a tambaye shi ƙarara ko jikin zai ɗauki jirgi da sanyi da zafi. In ya ce a'a, a haƙura, gama kamfanoni ba su biyan wanda ya yi tafiya bisa saɓa wa likita. In ya amince, ya rubuta rahoto mai ɗauke da sunan ciwo da magunguna.

Na biyu, a amsa kowace tambaya da gaskiya, har da kwanciyar asibitin bara da duk wani canjin magani, domin wasu takardun suna sharɗanta ciwon ya zauna daram na wasu watanni. In wani abu ya sake tsakanin saye da tashi, a sanar da su.

Na uku, kada a bar wa ejan karatun sharuɗɗa. A nemi a nuna maka da yatsa inda aka rubuta cewa ciwon sukari da na zuciya suna ciki, da iyakar shekaru, da iyakar kuɗi, da kason da kai za ka fara biya daga aljihunka, da ƙasashen da takardar ta shafa, da ranar farawa da ta ƙarewa. Alkawarin baki ba ya biyan asibiti.

Na huɗu, a sani cewa inshorar tafiya ba ta biyan wanda neman magani ne ya fitar da shi. Masu zuwa Indiya ko Masar don aikin tiyata su kula da wannan.

Na biyar, magani ya wuce kwanakin tafiya, a riƙe shi a jakar hannu cikin kwalinsa tare da takardar likita, domin ƙasashe irin su Saudiyya da Daular Larabawa suna tsananta bincike a kan magunguna masu sa maye irin su tiramadol. Allurar insulin kuma a kiyaye ta daga zafi da daskarewa.

Na shida, lambar wayar gaggawa ta kamfanin ta kasance a aljihun tsohon da na mai rakiyarsa, a kira su da zarar an isa asibiti, a kuma adana kowane rasit. Sa'an nan ya rubuta wasiyyarsa, ya bayyana basussukan da ke kansa da waɗanda yake bi, kamar yadda kakanninmu suke yi sa'ad da ake tafiya Makka a ƙasa ta Chadi da Sudan.

Daga ƙarshe, ya kai ɗan'uwa mai wasiƙa, biyayya ga mahaifi ba ta nufin a rufe shi da ƙarya don a faranta masa. Ka samu wani malami ko aboki da yake jin nauyinsa, ku zauna da shi cikin ladabi, a karanta masa abin da ya gabata. In likita ya ba da izini, ka biya inshora mai tsadar nan da zuciya ɗaya, ka lissafa ta cikin ciyar da iyaye, wanda ladansa ba ya ɓata. In kuwa likita ya hana, to, jariri ya fi tsoho sauƙin ɗauka, a kawo masa jikansa Zariya. Umrar kuma kada ta dame shi, domin Buhari ya ruwaito cewa a kan hanyar dawowa daga Tabuka Annabi (SAW) ya gaya wa sahabbai cewa akwai mutane a Madina da suke tare da su a kowane kwari suka ratsa, uzuri ne kawai ya tsare su.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa iyayenmu su gama da duniya lafiya, ya kai matafiya ya dawo da su cikin aminci. In Allah ya kai mu mako mai zuwa za mu koma kan zakkar kayan ciniki. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.